Assad ya tafi, to lokaci ya yi da 'yan gudun hijirar Siriya za su koma gida?

Sani Istanbul

Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Juma'a, na rasa inda zan kai ta, shi ya sa na kawo ta nan.

Kamar yadda wasunku suka sani, ina Istanbul ina harkar tura kaya gida. Akwai wani tela mutumin Halab ta Siriya da muke bene ɗaya, muna kiransa Abu Yusuf, shi yake ɗinka mini abayoyin da nake aikawa Kano. Ya shigo Turkiyya a 2013 da matarsa da jaririya a hannu. Yanzu jaririyar nan ta zama budurwa, ga ƙannenta 3, duk a nan aka haife su.

A farkon 2025, lokacin da hukumomin Turkiyya suka bari mutum ɗaya daga kowane gida ya je ya dubo ya dawo, ya je. Unguwarsu tana gabashin Halab, ɓangaren da aka yi wa ƙawanya har ya faɗi a Disambar 2016. Ya nuna mini bidiyon gidansu a waya. Bangaye 3 ne a tsaye, ba rufi, ba ƙofa, ba taga. Wayoyin wuta an zare su daga jikin bango, sai layukan rami kamar inda gara ta bi. Ko rodin da ke cikin sumunti an fasa an kwashe. Abin da ya rage a ɗakin mahaifiyarsa, wani shuɗin fenti ne da ƙusar da take rataye agogo. Ya ɗora yatsa a kan ƙusar nan, sai ya kashe wayar, bai ƙara cewa komai ba.

Ranar Juma'a bayan mun fito masallaci ya ce da ni: "Sani, kai baƙo ne kamar ni, faɗa mini gaskiya, in koma ko in zauna?" Idan ya koma gaba ɗaya, katin kimlik, wato katin izinin zaman da suke zaune da shi a Turkiyya, zai miƙa a kan iyaka, shi ke nan. Wallahi na kasa ba shi amsa. Ku da kuke nesa wataƙila kun fi ni ganin abin da kyau.

Alhaji Bala Kantin Kwari

Wa alaikumus salam Malam Sani. Ni dai a ganina ya koma. Wanda suka gudu dominsa ya tsere Moscow tun 8 ga Disambar 2024. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa Satumbar 2025 mutum miliyan 1 sun koma daga ƙasashen waje. Su ba gidajensu aka rusa ba? Idan tela ya zauna Istanbul, magini ya zauna Beirut, likita ya zauna Jamus, wa zai ɗaga ƙasar? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kuma mutanen Sham ba su san zaman banza ba. Mu da muke wannan kasuwa ta Kantin Kwari mun san mutanen Sham da Labanon da suka zo Kano da atamfa tun zamanin Turawa. Mutumin da zai iya zuwa ƙasar da bai san yarenta ba ya kafa kanti, ba zai kasa ɗora rufi a kan bangon ubansa ba.

Hajiya Hauwa Maiduguri

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ka yi haƙuri, maganar wanda bai taɓa gudu ba ce wannan. Ni na fito daga garinmu a 2014 da zane ɗaya da yara 4. Da aka ce gari ya lafa na koma dubawa, da ɗokina. Na tarar da rijiyarmu an cike ta da ƙasa, makaranta babu malami ko ɗaya, gona kuwa aka ce kada mu wuce iyaka kaza saboda abin da aka binne. Kwana 9 na yi na dawo. Ba don ba na son garinmu ba. Har yau idan na yi mafarki, a can nake ganin kaina.

Tsayawar harbi daban, zaman mutum daban. A Siriya tun bayan faɗuwar Assad nakiyoyi da ragowar bama-bamai sun kashe ɗaruruwan mutane, da yawansu yara ne da manoma da suka koma gonakinsu. Sani, ka tambaye shi abu 3 kawai: ruwa, makarantar yara, da wanda zai sayi ɗinkinsa. In babu, rufi ba zai riƙe su ba.

Kwamared Nura

Kafin a kai ga maganar komawa, ya kamata a faɗi wanda ya kore su. Mu daina yin kamar yaƙin nan daga sama ya faɗo. Hukumar leƙen asirin Amurka ta yi shekaru tana horar da 'yan tawaye tana ba su makamai, sai a 2017 Trump ya dakatar da shirin. Ƙatar da Saudiyya suka zuba kuɗi, Turkiyya ta buɗe iyaka mayaƙa daga ko'ina suka kwarara. Sojan Amurka suka zauna a kan rijiyoyin man Dairuz Zur, Trump da bakinsa ya ce man suke tsarewa. Sannan Amurka ta kawo takunkumin tattalin arziki na Kaisar a 2020, wanda talaka ne ya sha wuyarsa, ba mai fada ba.

Irin abin da aka yi wa Iraƙi a 2003 da Libya a 2011 ne, mu nan Sahel har yau makaman Libya ke cinmu. Ku duba kuma abin da ya biyo baya. Assad na fita, Isra'ila ta kai ɗaruruwan hare-hare ta ƙone jiragen yaƙi da rumbunan makaman ƙasar, ta shiga yankin tsakani na Tuddan Golan, ta hau Dutsen Hermon. Wa ya ci riba? Ba tela ba dai.

Malam Usman Zariya

Nura ƙanina, duk abin da ka lissafa ya faru, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka fara labarin daga tsakiya.

Ni na yi karatu a Dimashƙa shekara 4 kafin yaƙin, a unguwar Ruknuddin na zauna. Gari ne mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Burodi kusan kyauta, malamai ga su nan a kowane masallaci, bayan la'asar mu bi ta kasuwar Hamidiyya mu ɓulle Masallacin Banu Umayya. Amma akwai abin da na gani da idona. Dattijon da muke haya a gidansa, mutum mai fara'a, wata rana na tambaye shi cikin rashin sani me ya faru a Hama a 1982, shekarar da sojan gwamnati suka far wa garin. Fuskarsa ta canza. Ya tashi ya rufe taga, ya ƙure rediyo, ya dawo ya zauna daf da ni, ya ce: "Ɗana, kai ɗalibi ne, ka yi karatunka ka koma wurin mahaifiyarka." A cikin ɗakinsa fa, mu biyu rak. Daga baya matarsa ta faɗa wa matata cewa ƙaninsa ya fita tun a waccan shekarar bai dawo ba, kuma ba su taɓa zuwa wani ofis tambaya ba, don mai tambaya ma ɗauke shi ake yi.

Hafiz Assad ya karɓi mulki a 1970. Da ya mutu a 2000, a rana ɗaya aka gyara tsarin mulki aka rage shekarun shugaban ƙasa daga 40 zuwa 34 don ya dace da ɗansa. Shekara 54 gida ɗaya. A Maris na 2011 yara 'yan makaranta ne a Dar'a suka yi rubutu a bango, aka kama su aka azabtar. Iyayensu suka fito, aka buɗe musu wuta. Hamza al-Khatib yaro ne ɗan shekara 13, aka mayar wa iyayensa gawarsa a cikin yanayin da ba zan rubuta a nan ba. A lokacin babu Amurka, babu Da'ish, babu ko bindiga a hannun masu zanga-zanga. Watanni aka yi ana harbin mutane kafin sojojin da suka ɓalle su kafa rundunarsu a Yulin 2011.

Shi kuma Abu Yusuf da ake magana, daga me ya gudu a gabashin Halab? 'Yan tawaye ba su da jirgin sama. Gangunan da ake cikawa da abin fashewa da guntayen ƙarfe a sako su daga jirgi mai saukar ungulu a kan kasuwa da layin burodi, gwamnati ce kaɗai take da abin sako su. Daga 30 ga Satumbar 2015 kuma jiragen Rasha suka shigo. Iskar guba a Ghuɗa ranar 21 ga Agustan 2013, yara a jere cikin likkafani babu ko ɗigon jini a jikinsu. Madaya, inda yunwa ta sa mutane cin ganye. Gidan yarin Saidnaya, da aka buɗe ƙofofinsa muka ga iyaye mata suna bin takardun da ke watse a ƙasa suna neman sunayen 'ya'yansu.

Maganar tsaya wa Isra'ila kuwa, tun yarjejeniyar 1974 babu iyakar da ta kai ta Golan shiru. Amma sansanin Yarmuk na Falasɗinawa da ke Dimashƙa, wa ya yi masa ƙawanya har mutane suka mutu da yunwa a 2013 da 2014? Idan muna kukan Gaza, kuma dole mu yi, to jinin Yarmuk ma jini ne.

Kwamared Nura

Malam, na ji, kuma ba zan ce Saidnaya ƙarya ce ba. Amma wa aka kawo a madadinsa? Ahmad al-Shara'a shi ne Abu Muhammad al-Julani, wanda ya kafa Jabhatun Nusra, reshen Alƙa'ida. Amurka ta sa dala miliyan 10 a kansa, ta janye a Disambar 2024, zuwa Mayun 2025 ga shi yana gaisawa da Trump a Riyadh. A Maris na 2025 an kashe mutum sama da 1,000 a yankin gaɓar teku, Lazikiyya da Ɗarɗus, akasarinsu fararen hula Alawiyyawa, al'ummar da gidan Assad ya fito daga cikinta, wasu a cikin gidajensu. A Yuni aka tayar da bam a cocin Mar Iliyas a Dimashƙa. A Yuli kuma Suwaida, tsakanin Duruzawa da Larabawan ƙauye, sojan gwamnati suka shiga, Isra'ila ta jefa bam a ma'aikatar tsaro a tsakiyar Dimashƙa. Wannan ita ce ƙasar da Alhaji ke cewa a koma?

Abu Sumayya

Alawiyyawan da kake tausayawa ai su ne suka yi shekara 50 suna yanka Ahlus Sunna. Abin da suka shuka suke girba.

Mai kula da zaure

Abu Sumayya, ba a wannan zauren ba. Ba ma halatta jinin wata al'umma a nan. Wanda ya sake, zan cire shi.

Malam Usman Zariya

Allah ya saka wa mai kula da zaure. Abu Sumayya, ka ji tsoron Allah. Wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, wannan nassi ne. Na san ƙauyukan Alawiyyawa a kan duwatsun nan, talauci ne ya yi musu katutu, 'ya'yansu aka kwashe aka tura gaba suka mutu dubbai don kujerar mutum ɗaya. Kuma a rundunar Assad da 'yan kasuwar da suka kewaye shi, Sunni sun cika. Rikicin na Maris ya faro ne da kwanton ɓaunar da ragowar dakarun Assad suka yi wa jami'an tsaro, wannan gaskiya ne, amma tsohuwar da aka harbe a tsakar gidanta ba ta cikin masu kwanton.

Nura, a nan ina tare da kai. Bayan wannan kisa dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Akkar a arewacin Labanon. Ke nan ana komawa ta wata ƙofa, ana fita ta wata. Shi ya sa tambayar Sani ba ta da amsa ɗaya ga kowa. Sunni ɗan Halab lissafinsa daban da na Bakurde ɗan Afrin da wani ya zaune masa gida tun 2018, daban da na Kiristan Hims.

Zainab Kassala

Salamu alaikum. Ni Bahaushiyar Sudan ce, kakanninmu hanyar Makka ta ajiye su a nan. Ina karanta ku tun jiya, yau na ce bari in sa baki.

Sudan tana cikin ƙasashe ƙalilan da suka bar 'yan Siriya shiga babu biza a shekarun yaƙin, shi ya sa suka yi yawa a Khartoum. Suka buɗe shagunan shawarma da na kayan zaƙi, Shari'us Sittin ya cika da su. A gidan da muke haya akwai wata Ummu Ahmad mutuniyar Hims, mijinta yana toya baƙlawa.

Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana azumi, muka tashi da ƙarar bindiga. Mu duka muka ruɗe, wasu na cewa kwana biyu ne za a sasanta. Ita kaɗai ba ta ce komai ba. Ta shigo ɗakina ta ce in cika duk wani abin da zai riƙe ruwa, har tukwane da robar wanki, tun famfo na zuba. Ta sa muka manna salatif a gilasan taga. Ta ce a kwashe katifu daga ɗakunan da ke kallon titi a shimfiɗa a lungun tsakiya. Ta ce takardun yara a sa a leda a ɗaure a jiki, ba a jaka ba. Da dare idan aka yi ƙara sai ta ce da yarana, "Wannan fita yake, ba shigowa ba, ku kwanta." Tana bambance su da kunne. Kwana 3 ruwa ya ɗauke, gidanmu kaɗai ke da na sha a layin.

Tare muka hau mota zuwa Wad Madani. A hanya ta buɗe jakarta neman magani, na hango makullai guda 2 a zare ɗaya. Ta ga ina kallo, ta ce wannan na Hims ne, wannan na Khartoum. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Daga Madani suka wuce Port Sudan, mu muka zauna har Disamba da aka shigo garin, muka sake gudu zuwa nan.

Abin da ya sa na kawo wannan, Alhaji Bala, lokacin da nake sayen baƙlawa a hannunsu ina tausaya musu ne daga sama, irin tausayin mai gida ga baƙo. Ban taɓa kawo wa raina zan rataya makulli a wuya ba. Yanzu mutane na ce mini Khartoum ta lafa, me nake jira. Na san abin da nake jira, amma ba na iya bayyana shi ga wanda ke kwana a gadonsa.

Hajiya Hauwa Maiduguri

Zainab 'yar'uwata, Allah ya mayar da ku gida lafiya. Maganar takardu a jiki, wallahi haka muka koya, amma mu bayan mun rasa namu muka koya.

Alhaji Bala Kantin Kwari

Hajiya Zainab, jikina ya yi sanyi, Allah ya yaye muku. Ban ce a ɗaure kowa a jefa mota ba. Amma a duba mai masauki shi ma. Labanon ƙasa ce da ba ta kai wasu jihohinmu girma ba, gwamnatinta ta ƙiyasta 'yan Siriya miliyan 1 da rabi a cikinta, wato cikin mutum 4 ko 5 ɗaya ɗan gudun hijira ne. Kuɗinsu ya karye tun 2019, bankuna suka riƙe ajiyar mutane, tashar ruwan Beirut ta fashe a Agustan 2020. Jodan ba ta da ruwan da zai ishi 'yan ƙasa, ga sansanin Za'atari tun 2012 ya zama gari, har ya taɓa ɗaukar mutum wajen 80,000. Turkiyya ta ɗauki sama da miliyan 3 da rabi. Hausawa na cewa baƙo raɓa. Raɓar da ta shekara 13 fa?

Sani Istanbul

Alhaji, gajiyar mai masauki gaskiya ce, ina ganinta kullum. Da kuɗin Turkiyya ya faɗi, hayar gida ta yi tashin gwauron zabi, ɗan Siriya aka fara nunawa. A 2021 aka far wa shagunansu a wata unguwa a Ankara, a tsakiyar 2024 aka yi wanda ya fi shi a Kayseri, aka ƙona motoci da kantuna. A wancan makon Abu Yusuf bai bar yaransa sun leƙa ko ƙofa ba, ya kuma hana su yin Larabci a mota.

Sai dai a faɗi ɗaya gefen. Rigunan da 'yan kasuwarmu ke sara a unguwar Laleli a nan Istanbul, ku shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake ɗinka su ku ga hannun wa ke kan keke, awa 12, kan kuɗin da ɗan ƙasa ba zai karɓa ba. Kuma Tarayyar Turai ta yi alkawarin Yuro biliyan 6 a yarjejeniyar Maris 2016 don a riƙe su a nan kada su tsallaka, watanni kaɗan bayan duniya ta ga gawar yaron nan Alan Kurdi a bakin ruwan Bodrum. Ba zaman sadaka zalla suka yi ba.

Dakta Aminu Jamus

Bari in ƙara da na nan. Assad ya gudu ranar Lahadi, ranar Litinin 9 ga Disamba Jamus ta dakatar da duba takardun neman mafaka na 'yan Siriya. Ko gawarwakin Saidnaya ba a gama ƙirgawa ba. Austriya kuma ta ce za ta ba duk wanda ya yarda ya koma Yuro 1,000.

Amma a asibitoci hankalin shugabanni tashi ya yi. Cikin likitoci baƙi a Jamus 'yan Siriya ne suka fi yawa, kusan 6,000 a ƙarshen 2023, da yawansu a ƙananan garuruwan da likita Bajamushe ba ya son zama. A sashenmu akwai 2. Ɗaya ya zo a 2015 ta kwalekwalen roba, ya sake jarrabawa da Jamusanci, yanzu shi ke koya wa sababbi aiki. A 2023 kaɗai 'yan Siriya sama da 75,000 suka zama 'yan ƙasa. Wanda ya samu fasfo yana zuwa ya dawo yadda ya so, abokin aikina ya je Hims da hutunsa ya yi tiyata kyauta mako 2. Wanda ke kan takardar mafaka kuwa tsoro yake, in ya je dubo kabarin uwarsa a ce ai ƙasarsa lafiya, a karɓe takardar. Sai ya zama mai ƙarfin takarda shi ke iya taimakon gida, mai rauni an ce masa ko ka tafi gaba ɗaya ko kada ka leƙa. Da za a bar mutane su je su dawo sau da yawa, na tabbata da masu komawa da kansu sun fi haka.

Barista Maryam

Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ne zai fi cin mata. Takarda.

Gidaje da yawa a gefen Halab da Dimashƙa an gina su ne ba bisa tsarin hukuma ba, babu shaidar mallaka tun asali. Wasu ofisoshin filaye sun ƙone. A 2018 gwamnatin Assad ta yi Doka ta 10, wadda ta ba da damar ware unguwa don sabon gini, wanda bai zo ya tabbatar da mallakarsa a kan lokaci ba ya yi asara, alhali masu gidajen suna Labanon da Turkiyya, kuma nemansu ake yi. Yanzu mutum zai koma ya tarar da wani a gidansa, shi ma ɗan gudun hijira ne daga wani gari, shi ma nasa gidan ƙasa ne. Wa za a fitar?

Sannan waɗanda suka ɓace, an haura mutum 100,000. Ku ɗauki mace ɗaya. An ɗauke mijinta a shingen bincike a 2012. Babu gawa, babu takardar mutuwa. Ita ba matar aure ba, ba bazawara ba. Gida da sunansa yake, ba a raba gado sai an tabbatar ya mutu. A dokar Siriya uba ne ke ba ɗa ƙasa, to yaron da ta haifa a tanti a Biƙa'a ta Labanon bayan an ɗauke uban, ba a yi masa rajista ba, ɗan wace ƙasa ne? Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin matar mafƙudi, ta kai ƙara wurin alƙali a yi bincike, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba. Amma wannan hukuncin mutum ɗaya ne da ya ɓace a tafiya. Ina kotun da za ta saurari mata dubu ɗari? Sabuwar gwamnati ta kafa hukumar neman waɗanda suka ɓace a Mayun 2025, sai dai tono manyan kaburbura da gwajin ƙashi aikin shekaru ne.

Mu ma a Arewa maso Gabas muna da irin waɗannan matan, Hajiya Hauwa ta fi ni sani.

Hajiya Hauwa Maiduguri

Ƙanwata ce ɗaya. Shekara 11 ke nan. Har yau ba ta yarda a yi masa addu'ar mamaci ba.

Kwamared Nura

Allah ya bayyana shi, Hajiya. Ni dai abin da nake tsoro, ƙasar da mutum 9 cikin 10 ke cikin talauci, Turkiyya na arewa, Isra'ila na kudu, Rasha na nan a sansanoninta na Humaimim da Ɗarɗus, duk wanda zai kawo kuɗin gini da sharaɗinsa zai zo. Malam Usman, ban janye maganata kan Amurka ba. Amma na karɓi taka kan Dar'a.

Malam Usman Zariya

Ni ma ban ce ka janye ba, ƙanina. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta fararen hula 306,887 ne aka kashe daga Maris 2011 zuwa Maris 2021, ban da waɗanda yunwa da rashin magani suka kashe. Cikin mutum miliyan 21 ko 22, sama da miliyan 13 sun bar gidajensu. Hannu ɗaya ba ya wannan ɓarna.

Sani, in za ka isar masa da saƙona, ka ce ya yi istihara, ya kuma zauna da babbar 'yar nan ya ji ta bakinta. Kada a yanke a kanta tana ɗaki.

Sani Istanbul

Na gode muku duka. Daren jiya na sauka wurinsa, na fassara masa abin da na iya, har labarin makullan Zainab. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

Ashe ma sun riga sun yi maganar a gida, kuma inda Malam Usman ya taɓo nan ne ciwon yake. Yarinyar Turkanci take karatu da shi, ita ce ta 2 a ajinsu, Larabci tana ji tana yi amma ba ta iya rubuta shi sosai. Ta ce da ubanta ita ba ta san Halab ba sai a waya. Matarsa kuma tana son komawa ko gobe, mahaifiyarta na can ta tsufa, shekara 12 ba su ga juna ba.

Ga abin da suka tsayar. Shi zai tafi shi kaɗai bayan ya gama mini ɗinkin da ke hannunsa, ta ƙofar iyaka ta Babul Hawa, da kekuna 2 daga cikin 3 da yake da su. Zai zauna wurin ɗan'uwansa ya rufa ɗaki ɗaya da kwano, ya sa faranti mai amfani da hasken rana, don ya ce wutar gwamnati 'yan awoyi take zuwa, ta janareton unguwa kuma tsada. Matar da yara za su zauna har ƙarshen shekarar karatu, ita za ta riƙa ɗinki da keken da ya rage. Na yi masa alkawarin ba zan kai aikina wani wuri ba, kuma in ya kafu a can zan gwada karɓar kaya daga hannunsa ta Gaziantep, garin Turkiyya da ke kusa da iyaka.

Alhaji Bala, abaya 200 ne a wannan zagayen, baƙaƙe da ruwan toka, masu aikin dutse a hannu. In kana da wurinsu a shago ka yi mini magana ta gefe, so nake a biya shi kafin ya tashi.

Alhaji Bala Kantin Kwari

Turo mini hotunansu yanzu. In kai 100 zan ɗauka, kuɗin kuma ba sai kaya sun iso ba.